Fagen Wasanni: Hutun Da Ke Tsakanin Gudu Da Gudu

Duk wanda sammako ya taɓa fitar da shi daga garin Azare, ko ta hanyar Jama'are, ko ta Misau, ko kuwa ta Fataskum, da wuya a ce bai ci karo da samarin nan masu gudu a gefen kwalta ba. Da an sallame sallar asuba suke fita, wani da takalmin roba, wani da tsohon takalmin ƙwallo, wani ma silifansa a hannu, ƙafa a ƙasa. Waɗansunsu 'yan makaranta ne da ke shirin gasar wasanni ta shekara, waɗansu 'yan ƙwallon unguwa ne masu neman ƙarin numfashi, da yawa kuwa masu jiran ranar ɗaukar soja ne ko 'yan sanda, domin sun ji labarin akwai gudu a cikin gwajin da ake yi. Himma kam ba a cewa komai, samarin nan suna da ita, kuma ba wanda ya tilasta musu.

Abin da ke sa mai lura ya yi tagumi shi ne irin gudun da suke yi. Kowace safiya a wurinsu ranar tsere ce. Da an tashi kowa so yake ya bar ɗan'uwansa a baya, wanda kuwa ya tsaya domin ya numfasa sai a yi masa dariya, a ce rago ne. Gobe haka, jibi haka. Bayan mako uku ko huɗu sai a ga ayarin ya fara raguwa: wannan ƙwauri yana ciwo, wancan gwiwa ta kumbura, wani kuwa ya ce gudun ya fita daga ransa. Waɗanda suka jure ɗin ma, da za a sa musu agogo, da an tarar da yawansu saurin da suka fara da shi a makon farko shi ne dai suke kai a mako na shida. An sha wahala, an zubar da gumi, amma ba a ƙaru da komai ba.

Manyan gwanayen gudun dogon zango na duniya ba haka suke yi ba. A wurinsu hutun da mutum zai yi tsakanin gudu ɗaya da wanda ke biye da shi wani sashe ne na horon, ana rubuta shi a takarda tun kafin a fita fili, ana kuma auna shi da agogo daidai da yadda ake auna gudun kansa. Mai horar da 'yan wasa da ya san aikinsa ba zai ce wa yaronsa ya zagaya fili sau goma ya yi shiru ba. Sai ya faɗa masa cikin sakan nawa zai yi kowane zagaye, sakan nawa zai huta a tsakani, kuma hutun nan na tsayuwa ne, ko na tattaki, ko na sassarfa.

Asalin wannan ilmi daga ƙasar Jamus ya fito, a shekarun 1930. Wani malamin wasanni mai suna Woldemar Gerschler ne ya tsara shi, ya kuma haɗa kai da wani likitan zuciya na birnin Freiburg, Dokta Herbert Reindell, suka yi ta auna bugun zuciyar 'yan wasa. Dabarar tasu ba ta da wuyar ganewa. Mai gudu zai ɗauki ɗan gajeren zango, kamar mita 200 ko 400, ya yi shi da ƙarfi har zuciyarsa ta kai bugu wajen 180 a minti guda. Sa'an nan ya sassauta, ya yi tattaki ko 'yar sassarfa, a sa masa ido har bugun ya sauko wajen 120. Da ya sauko sai ya sake tashi. In kuwa minti ɗaya da rabi ya wuce bugun bai sauko ba, to, alama ce an ɗora wa jiki kayan da suka fi ƙarfinsa, ko dai a rage saurin, ko kuwa a naɗe tabarmar aikin ranar. Abin lura shi ne, da wannan tazara da ke tsakani suka raɗa wa dabarar suna, ba da zangon gudun ba, domin a ganinsu cikin ɗan sararin nan ne zuciya ke cika da jini sosai, ta buɗe, ta ƙara ƙarfi. Masanan da suka zo daga baya sun yi wa wannan bayani gyare-gyare, amma ginshiƙinsa yana nan daram. Almajirin Gerschler, Rudolf Harbig, ya yi mita 800 cikin minti 1 da sakan 46.6 a birnin Milan na Italiya a 1939, aka shekara 16 kafin a sami wanda ya fi shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutum biyu suka ɗauki dabarar, kowa ya juya ta yadda ta dace da bukatarsa. Emil Zatopek, sojan ƙasar Cekoslobakiya, dogon zango ya sa a gaba, saboda haka ya yawaita zagayen. Yakan yi mita 400 har sau 40, wani lokaci fiye da haka nesa ba kusa ba, yana raba su da sassarfar mita 200, ba kuwa da iyakar ƙarfinsa yake yin kowanne ba. A wasannin Olamfik na Helsinki a 1952 ya cinye mita 5,000, da mita 10,000, da gudun fanfalaki, abin da ba a sake samun wanda ya haɗa a wasanni guda ba. Shi kuwa Roger Bannister na Ingila, ɗalibin aikin likita ne wanda ba shi da sarari sai lokacin cin abincin rana, kuma abin da yake nema shi ne ya yi mil ɗaya cikin ƙasa da minti 4. Sai ya taƙaita aikinsa a zagaye 10 na yadi 440, da hutun minti 2 a tsakani. Hutun bai taɓa shi ba, saurin ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan daga wata zuwa wata.

Akwai wani abu a labarin Bannister da ya kamata samarin hanyar Jama'are su ji. A watan Afrilu na 1954 saurinsa ya cije a sakan 61 kowane zagaye, ya yi ya yi ya kasa saukar da shi. Maimakon ya ƙara wa kansa azaba, sai ya bar filin, shi da abokinsa Chris Brasher suka tafi hawan duwatsu a Sukotlan na 'yan kwanaki. Da suka komo sai ga zagayen ya sauko sakan 59. Gab da ranar tseren kuma ya sake ɗaukar kwanaki yana hutawa. Ran 6 ga Mayu, 1954, a garin Oxford, ya yi mil ɗin cikin minti 3 da sakan 59.4.

To, mene ne ke faruwa a cikin jiki a ɗan lokacin nan na hutu? Tsoka tana da wani ɗan rumbu na ƙarfin gaggawa, wanda in mutum ya zura da iyakar ƙarfinsa ba ya kai shi nesa da sakan 10. In ya tsaya, wajen rabin abin da aka kwashe yakan komo cikin sakan 30, amma kafin rumbun ya cika sai an yi minti 3 zuwa 5. Ban da wannan, idan gudu ya yi tsanani jiki yakan ƙona sukari da gaggawa fiye da yadda iskar da ake shaƙa za ta iya biya, sai wani sinadari da ake kira laktet ya fara taruwa a cikin jini, tare da tsamin nan da ke sa ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Jiki da kansa yake kwashe laktet ɗin, har ma ya mai da shi makamashi, kuma ya fi saurin kwashe shi in mutum yana 'yar sassarfa a kan in ya zube ƙasa ya miƙe ƙafafu.

Daga nan mai karatu zai gane dalilin da ya sa zagaye goma ba zagaye goma ba ne a ko'ina. A ɗauki samari biyu masu ƙarfi ɗaya a fili guda. Na farko ya yi mita 400 sau 10, kowanne da sauri matsakaici, yana hutun sakan 30 kacal. Zuciyarsa ba ta samun sararin saukowa ƙwarai, don haka kusan duk tsawon aikin tana sama, abin da yake koya wa jikinsa shi ne juriya, wato ya daɗe yana tafe da sauri ba tare da ƙafa ta mutu ba. Na biyu ya yi zagaye goman nan da gudu mai zafi, yana hutun minti 3 ko 4, rumbun nan yana cika kafin ya sake tashi. Shi kuma sauri yake koya, irin wanda ake bukata a mita 800 ko a zagayen ƙarshe na tsere. Nisan da suka yi ɗaya ne, amma kowa da abin da ya kai gida. Wanda kuwa ya haɗa gudu mai zafi da gajeren hutu, kamar yadda aka saba gani a filayen makarantu, zagaye uku na farko kawai zai yi da kyau, sauran bakwai ɗin jan ƙafa ne, ba sauri, ba juriya, sai gajiyar da za ta bi shi har jibi.

Shin hutu nawa ne ya isa? Wani masani ɗan Amurka da ke koyarwa a ƙasar Norwe, Stephen Seiler, shi da abokin aikinsa Ken Hetlelid, sun buga sakamakon wani gwaji a 2005. Sun sa ƙwararrun masu gudu su yi gudun minti 4 har sau 6 da iyakar abin da za su iya ɗorewa a kai, wata rana da hutun minti 1, wata rana minti 2, wata rana minti 4. Da aka ƙara hutun daga minti 1 zuwa 2 saurinsu ya ƙaru da misalin kashi 2 cikin 100. Da aka kai shi minti 4 kuwa ba a sami wani ƙari ba. Abin sha'awa, ranar da aka ɓoye musu agogo aka ce kowa ya huta gwargwadon yadda ransa ya ba shi, sai aka tarar hutun da suka zaɓa da kansu bai wuce kusan minti 2 ba. Ashe jikin da ya horu yakan san ma'auninsa. Shi dai wannan masani shi ne ya bi diddigin littattafan horon manyan 'yan wasan juriya, ya tarar wajen kashi 80 cikin 100 na fitarsu a hankali suke yinta, da saurin da mutum zai iya tafe yana hira da na kusa da shi. Kashi 20 ne kaɗai mai zafi.

Wannan magana ita ce samari suka fi ƙin yarda da ita, don haka sai a duba Eliud Kipchoge na ƙasar Kenya, wanda ya yi gudun fanfalaki, wato kilomita 42 da mita 195, cikin awa 2 da minti 1 da sakan 9 a birnin Balin a 2022. Lissafi ya nuna kowace kilomita ya yi ta ne cikin misalin minti 2 da sakan 52. A sansaninsu na Kaptagat, ƙarƙashin malaminsa Patrick Sang, yakan yi kilomita 200 ko fiye a mako in yana shirin tsere. Amma ranakun aiki mai zafi uku ne kacal: Talata a fili, inda akan yi irin su mita 1,000 sau da yawa da ɗan hutu a tsakani, Alhamis doguwar tafiya ta kilomita 30 zuwa 40, Asabar kuma gudun nan da ake cakuɗa sauri da sassarfa bisa minti, wanda mutanen Suwidin suka ƙago a shekarun 1930 suka kira shi fatlek. Sauran ranakun kuwa tafiya ce ta natsuwa, har akan fara ta da saurin da yaron makarantar sakandare zai iya bi ba da wata wahala ba. Ko a ranaku masu zafin ma an san shi da ƙin ƙure kansa. Yana barcin rana, yana kwanciya da wuri, kuma kowace fita sai ya rubuta ta a littafi. Mutumin da duniya ta sallama wa ke nan bai ji kunyar tafiya a hankali ba, amma yaron da bai taɓa cin ko buta a tsere ba yana ganin sassarfa zubar da girma ce.

Mutanen Norwe su kuma sun kai abin wani matsayi na ƙididdiga. Wani tsohon mai gudun mita 5,000 nasu, Marius Bakken, wanda daga baya ya zama likita, shi ya share hanyar, 'yan gidan Ingebrigtsen suka bi ta har ta yi suna. Sukan yi aiki mai ɗan zafi sau biyu a rana guda, safe da yamma, ranar Talata da Alhamis. Da safe, misali, gudun minti 6 sau 5 da hutun minti 1, da yamma kuwa mita 400 sau 25 da hutun sakan 30. Mai jin wannan sai ya ce kisan kai ne. Sirrin yana cikin wata 'yar na'ura da ake tsaga yatsa ko kunne a ɗiga mata jini a lokacin hutun, ta nuna yawan laktet. In ya haura ma'aunin da aka yanka, wanda ba a son ya wuce 4 a awon na'urar, sai a ce wa mai gudu ya rage sauri, ko da kuwa yana jin ƙarfi a jikinsa. Wato aikin na'urar shi ne ta hana shi wuce gona da iri, domin ya iya komowa da yamma, ya kuma komo jibi. Autansu a fagen, Jakob Ingebrigtsen, ya ci zinariyar mita 1,500 a Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021, ya kuma ci ta mita 5,000 a Faris a 2024.

Yanzu da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, saurayi a Azare ko Madara ko Chinade yana iya ganin waɗannan tsare-tsare duka, ya kwafe su a takarda, ya fita da niyyar aikatawa. Nan ne kuwa haɗarin yake. Kaptagat da Iten a kan tudu suke, wajen mita 2,400 bisa teku, inda mutum ke fita da rigar sanyi da safe. Azare ba ta kai mita 500 ba, kuma daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan kai awo 40, har ya ɗara. A cikin zafi jiki yakan tura jini mai yawa zuwa fata domin ya huce, gumi kuma yana rage ruwan jinin, mai gudu yana iya zubar da lita 1 zuwa 2 a awa guda. Zuciya sai ta ƙara bugu kafin ta yi aikin da take yi cikin sauƙi a lokacin sanyi, kuma ta fi daɗewa kafin ta sauko. Hutun sakan 60 da ya ishi mutum a Iten ba lalle ne ya ishi ƙaninsa a Azare cikin bazara ba. Ko manyan ma zafi ba ya jin kunyarsu. A gasar duniya da aka yi a Doha a 2019, da tsakar dare aka tashi gudun fanfalaki na mata domin a kauce wa rana, duk da haka cikin mata 68 da suka tashi 28 ba su kai ƙarshe ba.

Saboda haka tsohuwar dabarar Gerschler ta fi dacewa da ƙasar Katagum a kan tsarin da aka rubuta da sakan-sakan a wata ƙasa, domin ita da jikin mutum take shawara, ba da takarda ba. Ba ta kuwa bukatar na'ura. Yatsu biyu a wuyan hannu ko a gefen maƙogwaro, da agogo mai sakan, sun wadatar. A ƙirga bugu na sakan 10. In an sami 30, zuciya tana wajen 180 ke nan, in an sami 20 ta sauko 120, ana iya sake tashi. Waɗannan alƙaluma na samari ne, wanda shekarunsa suka ja zuciyarsa ba ta kai can sama, kuma ko a cikin samarin akwai bambanci tsakanin mutum da mutum. Amma ƙa'idar ɗaya ce: ranar da bugun ya ƙi saukowa a kan lokacin da ya saba, aikin ranar ya ƙare. Haka nan mutum ya riƙa ƙirga bugunsa da farkawa, kafin ya tashi daga shimfiɗa. In ya ga ya haura abin da ya saba da yawa, to, ko gajiyar jiya ba ta sake shi ba, ko kuwa zazzaɓi ne ke tafe. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro kuma jininsa ya ragu, bai kamata ya koma inda ya tsaya a rana ɗaya ba.

Akwai wani al'amari da ya fi ciwon gwiwa nauyi, ba a kuwa cika maganarsa a filayen wasa ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin ƙwayar sikila, wato abin da asibiti ke rubutawa AS. Irin waɗannan mutane lafiyarsu ƙalau, mafi yawansu za su yi wasa har su tsufa ba abin da zai same su, kuma a cikinsu akwai gwanaye. Amma likitocin soja da na jami'o'in Amurka sun tabbatar da cewa gudu mai zafi da ake maimaitawa ba hutu, musamman cikin zafin rana da ƙishirwa, ga wanda bai saba ba, yana iya kayar da mai wannan jini, tsokarsa ta lalace, har a rasa rai. Wannan ne ya sa tun 2010 hukumar wasannin manyan jami'o'in can ta shigar da gwajin jinin cikin sharuɗɗanta. Rigakafin da suka bayar ba wani abu ne mai tsada ba: a hau aiki sannu a hankali, a ba da isasshen hutu tsakanin gudu da gudu, a sha ruwa, kuma wanda ya ce ƙafafunsa sun mutu a ƙyale shi ya tsaya. Saurayin da ya kwana wata shida a zaune, sa'an nan ya ji sanarwar ɗaukar soja ya tashi zai gyara jikinsa cikin kwana goma, ya tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Jiki yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ma ya saba da aiki cikin zafi, balle a yi maganar ƙarfi. Malamin da ke mai da gudu gwale-gwale kuma, yana tsaye da bulala yana hana yaro numfasawa, ya san cewa ba jarumtaka yake koyarwa ba. Yaron da ya fara tangaɗi ko surutai marasa kan gado a fili, a kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwa, a nufi asibiti da shi, ba a tsaya yi masa tsawa ba.

Abin mamaki, wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Katagum, sai dai a barga aka bar shi. Masu kiwon dawakin da ke fita hawan Salla a Azare ba sa fitar da doki sukuwa kullum. Kilisa suke yi masa, a fita da shi da yamma yana takawa, wani lokaci a ɗan sake masa linzami, sa'an nan a ja shi. In ya yi sukuwa ba a ɗaure shi a turke nan take yana haki, sai an zaga da shi gumi ya tsane, numfashi ya daidaita. Ana lura da harawarsa, da dawarsa, da kanwarsa. Dokin da ya yi aiki jiya, yau a sassauta masa. Ba mai dokin da zai yarda a zabure masa dabba kwana bakwai a jere a ce wai ana ƙara mata ƙarfi, amma ɗan mai dokin yana yi wa kansa haka kowace safiya a bakin kwalta.

Ƙasar nan ta daɗe tana kallon gudun dogon zango daga bakin fili. A wasannin Afirka da aka yi a Legas a 1973 baƙi ne daga gabas suka kwashe shi: Filbert Bayi na Tanzaniya a mita 1,500, Ben Jipcho na Kenya a mita 5,000, Miruts Yifter da Mamo Wolde na Habasha a mita 10,000 da fanfalaki. Bajintar da Abbas Mohammed ya kafa a 1990, awa 2 da minti 16 da sakan 6, ta haura shekara 30 ba ɗan ƙasa da ya taɓa ta. Gudun fanfalakin Legas da aka fara a 2016, 'yan asalin gabashin Afirka ne ke tafiya da babbar kyautarsa, har sai da aka ware wa 'yan gida tasu dabam, wadda yaran Jihar Filato suka fi ɗauka. Akan ce ai tudu ne ya ba su, kuma gaskiya tudu yana da rabonsa. Amma Jihar Bauchi ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasa har sau biyu, a 1991 da 2000, ga kuma Jos da Pankshin a maƙwabta, masu tudun da za a iya kai yaro ya yi 'yan makonni. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai riƙe agogo wanda ya san abin da yake aunawa.

Irin wannan mutum kuwa ba daga sama yake faɗowa ba. Garin Bekoji na ƙasar Habasha ƙaramin gari ne na manoma, bai kama ƙafar Azare a girma ba, amma daga cikinsa Derartu Tulu ta fito, wadda ta ci zinariyar mita 10,000 a Barsalona a 1992, da Kenenisa Bekele, da Tirunesh Dibaba. Wanda ya fara sa su a hanya, Sentayehu Eshetu, malamin wasannin makaranta ne. A Iten ma, Colm O'Connell, wanda ya reni David Rudisha, labarin ƙasa ya je koyarwa a makarantar sakandare a 1976, a can ya koyi aikin horo. Azare tana da Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh da ke yaye malamai kowace shekara, tana kuma da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021. Malami ɗaya da zai tara yara ashirin a filin makaranta, ya san jinin kowannensu, ya raba su gida-gida bisa ga ƙarfinsu, ya ware musu kwana biyu kacal a mako na aiki mai zafi, da kwana biyu a tsakaninsu na tafiyar hira, da rana guda ta zaman gida, ya fi gasar da za a kashe kuɗi a yi a yini ɗaya a watse.

Lokacin farawa kuwa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da safiya ke da sanyi, sai dai a kauce wa ranakun da hazo ya yi kauri saboda ƙirji. Makonni shida na farko a yi su da sassarfa zalla, a bar kwalta a bi hanyoyin gona, inda ƙasa ke da taushi a ƙafa. Bayan nan a shigo da zagayen, a fara da shida, a rubuta sakan na gudu da sakan na hutu a littafi guda. In bazara ta kama, ko azumi ya zo, a rage yawan zagayen, a tsawaita hutun, a mai da aikin zuwa bayan asuba, ko kuwa bayan an sha ruwa.